Yadda Masaƙun Manhajar Yanar Gizo Suke Riƙe Halin Gaɓoɓin Shafi Tsakanin Buƙata da Buƙata

1. Gabatarwa

Abin da wannan takarda za ta yi bayani a kai shi ne wata matsala wadda ta daɗe tana ci wa masu rubuta manhajar yanar gizo tuwo a ƙwarya, watau yadda za a yi shafi ya tuna inda mutum ya tsaya, alhali kuwa ƙa'idar da aka kafa yanar a kanta ba ta san tunawa ba. Duk wanda ya taɓa cika fom mai shafi uku ko huɗu ta intanet, ya zaɓi jiharsa sai sunayen ƙananan hukumominta suka bayyana, ya yi gaba, ya komo baya ya tarar da rubutunsa yana nan, to ya ga maganin matsalar yana aiki. Wanda kuwa ya bar fom ɗin ya tafi salla, ya dawo aka ce masa lokacinsa ya ƙare sai ya koma farko, shi kuma ya ga inda maganin ya gaza.

Kafin a shiga cikin zancen, ya kamata a daidaita kalmomi. Na'urar da ke ajiye manhaja tana amsa wa jama'a ita ce saba. Manhajar da mutum ke duba shafi da ita kuwa burauza. Saƙon da burauza ke aikawa buƙata ke nan, abin da saba ta mayar kuma amsa. Da na ce masaƙa, ina nufin irin shiryayyen tsarin nan da mai rubuta manhaja ke ɗora aikinsa a kai don kada ya fara kome daga tushe, kamar ASP.NET ko JavaServer Faces ko Wicket. Gaɓa ita ce kowane yanki na shafi da ke da aikin kansa: gurbin rubutu, jerin zaɓi, jadawali, maɓalli. Halin gaɓa kuwa shi ne abin da take ɗauke da shi a daidai wannan lokaci, kamar abin da aka zaɓa a cikinta, ko shafi na nawa na jadawalin aka buɗe, ko an kulle maɓalli ko ba a kulle ba. Waɗannan sunaye shawara ce kawai, taro yana iya gyarawa.

2. Asalin matsalar

Ƙa'idar HTTP, wadda Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro a cibiyar CERN kusa da Janiba wajen 1990, an yi ta ne domin ɗauko takardu. Burauza ta ce a ba ni takarda kaza, saba ta miƙa, magana ta ƙare. In burauzar nan ta sake dawowa bayan daƙiƙa guda, saba ba ta da wata shaida cewa ita ce ta ɗazu. Wannan ba kuskure ba ne. Da gangan aka yi, kuma shi ya sa saba ɗaya take iya sallamar dubban mutane ba tare da ta ɗauki nauyin kowa a ka ba. Amma da ciniki ya shigo yanar, sai rashin tunawar ya zama cikas, domin ba yadda za a yi mutum ya tara kaya a kwando in mai kanti yana manta shi bayan kowace kalma.

A 1994 Lou Montulli na kamfanin Netscape ya fito da abin da ake kira kuki, watau ɗan guntun rubutu da saba ke ba burauza, ita kuwa ta riƙa haɗo shi da kowace buƙata. Kuki ƙarami ne, abin da aka wajabta wa burauza ta iya ɗauka bai wuce bayit 4096 ba, saboda haka ba a cika zuba bayanai a cikinsa ba. Lamba ake sawa. Saba ta buɗe wa mutum wata ma'ajiya a wajenta, wadda za mu kira zama, ta ba shi lambar ma'ajiyar, kamar yadda mai ajiyar kaya a tasha ke ba fasinja 'yar takarda ya riƙe. Sunayen JSESSIONID a Java da PHPSESSID a PHP duk na irin wannan lamba ne. Tun da yake saba ba ta sanin lokacin da mutum ya tashi, sai ta sa wa'adi: minti 30 a Tomcat, minti 20 a ASP.NET, daƙiƙa 1440 a PHP, in dai ba a sauya ba. Wannan wa'adi ne ya cinye fom ɗin mutumin da ya tafi salla.

To, zama ya warware tambayar wane ne wannan. Bai warware tambayar wane shafi yake kallo, kuma a wane hali shafin yake ba. Mutum ɗaya ne, zamansa ɗaya, amma yana iya buɗe taga biyu, yana kuma iya danna maɓallin koma-baya sau uku ya aiko da fom daga shafin da saba take zaton an wuce shi tuni. A nan ne aikin masaƙu masu gaɓoɓi ya taso.

Irin waɗannan masaƙu, tun daga WebObjects na kamfanin NeXT a 1996, sun ɗauki shafi a matsayin bishiya: shafi ne gindi, fom reshe, gurabe da maɓallai ƙananan rassa. Suna so mai rubuta manhaja ya ji kamar bishiyar tana nan da rai tun daga lokacin da aka nuna shafi har lokacin da aka danna maɓalli. Gaskiyar magana kuwa ita ce, da zarar an aika amsa, aikin saba a kan wannan buƙata ya ƙare. In buƙata ta gaba ta zo, dole a sake tsayar da bishiyar kamar yadda aka bar ta, kana a iya gane abin da ya sauya. Wurin da za a ajiye halinta a tsakani guda biyu ne kawai: ko wajen burauza, ko wajen saba.

3. Ajiya a wajen burauza

Misalin da ya fi shahara shi ne na ASP.NET Web Forms, wanda Microsoft ya fitar a 2002. Da saba ta gama shirya shafi, sai ta bi gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya tana karɓar halinsu, ta naɗe su wuri guda su zama dogon jerin baƙaƙe, ta cusa jerin a cikin wani ɓoyayyen gurbi na fom mai suna __VIEWSTATE. Mai karatu ba ya ganinsa. In ya danna maɓalli, burauza ta komo da gurbin tare da sauran abin da ya rubuta. Saba ta sake gina bishiya daga ainihin zanen shafin, ta warware naɗin ta mayar wa kowace gaɓa halinta, sa'an nan ta ɗora sabon abin da mutum ya shigar, ta gwada tsoho da sabo, ta kira aikin da ya dace, ta sake naɗewa, ta aika.

Abin lura a nan shi ne ba kome ake naɗewa ba. Rubutun da ke cikin gurbi, burauza da ma za ta aiko shi, ba sai an tuna mata ba; amfanin naɗin a wannan wuri shi ne sanin abin da ke gurbin a dā, don a gane ko an sauya. Inda naɗin ke da nauyi shi ne abubuwan da fom ba ya dawowa da su, alal misali duka sunayen da ke cikin jerin zaɓi, ko layukan jadawalin da aka ɗauko daga rumbun bayanai a buƙata ta farko. Har wa yau, masaƙar ba ta fara lura da sauyi sai bayan matakin farko na kafa gaɓoɓi, saboda haka abin da aka rubuta tun a zanen shafi ba ya shiga. Wanda bai san wannan ba yakan cika jerin zaɓi a matakin da bai dace ba, ya wayi gari shafinsa ya kumbura bai san dalili ba.

Fa'idar wannan hanya a fili take. Saba ba ta riƙe kome, kowace taga tana ɗauke da halinta, kuma in mutum ya koma baya ya aiko da tsohon shafi, tsohon hali ne zai zo da shi, watau daidai abin da idonsa ke gani. Tsadarta kuwa a kan layi take. Hanyar mayar da bayanai baƙaƙe da ake kira Base64 tana mayar da kowane bayit 3 su zama 4, ƙarin sulusi ke nan. A ɗauka halin shafi kilobayit 90 ne. Zai zama 120, zai sauko tare da shafi, ya kuma hau tare da kowane danni. A kan layin da ke aika kilobayit 30 a daƙiƙa, daƙiƙa 4 ke nan kafin saba ta fara duba abin da aka ce. Wanda ya rubuta manhajar a ofis, na'urarsa kusa da saba, ba zai taɓa jin wannan ba. Ɗalibin da ke rajistar darussa da wayar hannu, da kuɗin datarsa, shi zai ji.

Amma babbar illar ba nauyi ba ce. Duk abin da ya fita daga hannun saba ya shiga hannun baƙo, ba a san yadda zai dawo ba. Warware naɗi kuwa ba karanta rubutu kawai ba ne, sake ƙera abubuwa ne a cikin ƙwaƙwalwar saba bisa umurnin da ke cikin naɗin. In mugu ya iya shirya naɗi na kansa, saba ta karɓa ta warware, yana iya sa ta aikata abin da ya ga dama. Maganin da aka yi shi ne hatimi: saba tana da wani mabuɗi na asiri, da shi take lissafa wata alama ta liƙa a jikin naɗi, in ya dawo ta sake lissafi, in bai yi daidai ba ta ƙi karɓa. Hatimi yana hana sauyawa ne kawai, ba ya hana karantawa. Wannan sai an rufe naɗin da kansa. Da farko an bar wa masu rubuta manhaja damar kashe hatimin, da yawa kuwa suka kashe don su huta da saƙon kuskure, har a 2014 Microsoft ya soke wannan dama ɗungum.

Daga nan sai rigima ta koma kan mabuɗi. A Fabrairun 2020 aka gyara wata ɓaraka a Microsoft Exchange, inda ya bayyana cewa duk wanda ya kafa manhajar mabuɗi iri ɗaya yake samu, saboda haka mai akwatin wasiƙa kawai yana iya ƙirƙiro naɗi mai hatimi ya mallake saba. A Fabrairun 2025 kamfanin ya ba da sanarwar ya gano mabuɗai fiye da 3,000 a warwatse a fili, waɗanda masu rubuta manhaja suka riƙa kwafowa daga misalan koyarwa suna sawa a aikinsu na gaske. A Yulin 2025 kuma, maharan da suka shiga sabobin SharePoint mabuɗan suka fara sacewa, shi ya sa aka gargaɗi masu kula da su cewa toshe ɓarakar bai isa ba, sai an sauya mabuɗi. Ina roƙon malaman da ke koyar da wannan fanni su dubi misalan da suke raba wa ɗalibai. In akwai mabuɗi a ciki, wata rana za a same shi a kan saba.

4. Ajiya a wajen saba

JavaServer Faces, wanda ya fito a 2004, yanzu kuma ake kiransa Jakarta Faces, ya bar wa mutum zaɓi tsakanin hanyoyin biyu, amma in ba a ce kome ba wajen saba yake ajiyewa. Shi ma yana da ɓoyayyen gurbi, sai dai lamba ce kawai a ciki, halin kansa yana cikin zama. Kowace buƙata tana bin matakai 6, na farkonsu kuwa shi ne maido da bishiyar shafi. Tun da ba za a iya tara shafuffuka ba iyaka, Mojarra, ɗaya daga cikin manyan masu aiwatar da wannan tsari, ta sa adadin 15. In mutum ya buɗe fiye da haka, mafi tsufa ya faɗi, in ya koma kansa sai ya ci karo da kuskuren nan mai suna ViewExpiredException.

Lissafin nauyin ba wuya. A ɗauka halin kowane shafi kilobayit 50 ne, kowane mutum yana da 15, mutum 10,000 kuma suna kan layi a ranar ƙarshe ta rajista: gigabayit 7.5 ke nan, ba a ma fara maganar ainihin aikin ba. Mafi yawan wannan kaya kuwa na mutanen da suka riga suka rufe burauza ne, saba tana jiran wa'adinsu ya cika. Wannan ne ya sa a fitowa ta 2.0, a 2009, aka koma ga ajiye bambanci kaɗai: a sake gina bishiya daga zanen shafi, a ajiye abin da ya sauya daga zanen. A 2013 kuma aka yarda shafi ya zama marar hali sam.

Apache Wicket, wanda Jonathan Locke ya fara a 2004, ya fi kowa ɗaukar maganar koma-baya da muhimmanci. Kowane shafi yana da lamba a ƙarshen adireshinsa, in halinsa ya sauya sai a ba shi sabuwa, a naɗe tsohon a ajiye a faifai, har iyakar megabayit 10 ga kowane zama. In mutum ya koma baya, lambar da ke adireshi ita za ta nuna wanda za a warware. Tarkon da ke nan shi ne, duk abin da shafi ya riƙe, shi ma za a naɗe shi. Mai rubuta manhaja ya riƙe jerin ɗalibai dubu a jikin shafi, sai a riƙa kwafarsa a kowane danni. Ban da nauyi kuma, jerin ya tsufa, domin rumbun bayanai ya ci gaba shi yana nan inda yake. Abin da masu Wicket ke koyarwa shi ne a riƙe lambar abu kawai, a ɗauko shi sabo a kowace buƙata, a sake shi in an gama. A ganina wannan darasi ya shafi kowace masaƙa, ba Wicket kaɗai ba: halin gaɓa dabam, bayanan hukuma dabam, kuma na biyun gidansu rumbu.

Akwai kuma matsalar yawan saba. Manhajar da ta girma ba ta zama a na'ura ɗaya, akwai mai rarraba buƙatu a gaba. In halin mutum yana saba ta farko, buƙatarsa ta faɗa ta biyu, bai da kowa a can. Ko dai a liƙa kowane mutum ga saba ɗaya, wanda ke nufin in ta mutu zamansa ya mutu; ko a riƙa kwafar zama tsakanin sabobi; ko kuwa a fitar da shi zuwa wata ma'ajiya ta tarayya irin Redis. Biyun ƙarshe duk suna komo da mu ga naɗewa da warwarewa a kowace buƙata. Masu ajiya a wajen burauza ma ba su kuɓuta ɗungum ba, domin dole sabobinsu duka su yi tarayya a mabuɗi ɗaya, wanda shi ne dalilin da ya sa mutane ke rubuta mabuɗi da hannu tun farko.

Ba zan wuce ba ban ambaci Seaside ba, ta harshen Smalltalk, wadda Avi Bryant ya fitar a 2002. Ita ba halin gaɓoɓi kaɗai take ajiyewa ba, har daidai inda aikin manhaja ya tsaya, ta yadda mutum zai rubuta a nuna fom, a jira amsa, a ci gaba, kamar babu yanar gizo a tsakani. Dabara ce mai ban sha'awa, amma ba ta yaɗu ba.

5. Suka, da abin da ya biyo baya

Tun a 2000 Roy Fielding, ɗaya daga cikin marubutan ƙa'idar HTTP, ya nuna a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine cewa ya kamata kowace buƙata ta zo da duk abin da ake nema don a fahimce ta, halin zama kuma ya tsaya wajen burauza. Har kuki bai tsira daga sukarsa ba, saboda in an koma baya, shafi yakan koma amma kuki ba ya komawa. Bayan 2010 ra'ayinsa ya yi rinjaye a aikace: gaɓoɓi suka ƙaura zuwa cikin burauza, da masaƙu irin su React, halinsu yana zaune can, saba kuwa bayanai kawai take bayarwa. Microsoft ma bai ɗauki Web Forms zuwa ASP.NET Core ba.

Duk da haka tsofaffin hanyoyin nan biyu ba su mutu ba, riga suka sauya. Livewire, ta masu Laravel, tana naɗe halin gaɓa ta liƙa masa hatimi ta aika wa burauza, ya dawo a buƙata ta gaba. Jikar __VIEWSTATE ce, da fa'idarsa da hatsarinsa. Phoenix LiveView, wadda Chris McCord ya gabatar a 2018, da Blazor Server na 2019, su kuwa sun bar gaɓoɓi da rai a ƙwaƙwalwar saba, suka buɗe layi mai ɗorewa tsakaninta da burauza, bambanci kaɗai ke zirga-zirga. Ba naɗi, ba warwara, sai dai kowane danni yana jiran saba, kuma ran shafi yana rataye da layi. A Blazor Server, in layi ya yanke, saba tana riƙe halin mutum minti 3 ne in ba a sauya ba. Bayan haka ya tafi, sai fa in mai rubuta manhaja ya tanadi ajiye shi a wani wuri. LiveView kuwa in layi ya dawo takan sake kafa gaɓa daga farko, burauza ta sake aiko mata abin da ke cikin fom.

Minti 3 lokaci ne mai yawa a inda layi ba ya yankewa. Ga fom mai tsawo wanda za a cika a waya, a wurin da layi ke zuwa yana tafiya, ni dai ba zan dogara ga wa'adin kowace masaƙa ba. Zan sa a rubuta kowane mataki a rumbun bayanai da zarar an kammala shi, da sunan mai fom, in sa lambar matakin a adireshin shafi, in bar wa masaƙa ƙananan abubuwa irin su wane jeri ne a buɗe, waɗanda in sun ɓace danni ɗaya zai maido su.